Abin da Ya Riƙe Yaya Aina'u a Matamai

Na gaji da jin ana kiran yayata "Aina'u Burodi". A gidan biki na ji, a bakin famfo na ji, ran nan har a cikin motar Ɗambatta wata mata take ba ta kusa da ita labari: wai akwai wata a Unguwar Gawo da ta je Nijar, ta ɗanɗani dogon burodinsu da shayi mai madara, ta manta da gonarta har ciyawa ta cinye gyaɗa. Suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Na juya na ce, "Baiwar Allah, kin san ta?" Ta ce a'a. Na ce, "To ki kama bakinki." Direba ya ce a yi haƙuri. Ban haƙura ba, ga shi na ɗauko biro.

Yaya Aina'u ta girme ni da shekara takwas. Ni aka kai boko, ita allo kaɗai ta yi, amma babu malamin gonar da zai gaya mata ranar shuka. Mijinta, Malam Hashimu, ya rasu shekara tara ke nan. 'Ya'yanta maza biyu suna Kano, ɗaya tela, ɗaya leburan gini, kowa na fama da kansa. Abin da ya rage mata gona ce guda a bayan gari, jigawa, wadda take shuka gyaɗa. Daga gyaɗar nan take matsar mai, ta toya ƙuli, ta aika kasuwar Kunci. Ita ce cinta, ita ce suturarta. Mace ce doguwa mai murya. In tana kiran kajinta, na maƙwabta ma tahowa suke.

Maƙwabciyarta kuma aminiyarta ita ce Tahira, matar Malam Usaini. Danga ɗaya ce tsakaninsu. Mako ɗaya aka kawo su garin suna amare, shekara talatin da uku da suka wuce. Ranar da Tahira ta fara girki tuwonta ya kama, ta zauna gindin murhu tana hawaye ba sauti. Yaya ta ji ƙauri, ta leƙa, ta miƙa mata nata ta saman danga, ta ce, "Kai wa mijinki wannan. Nawa mijin ba ya gane bambanci." Tun daga ranar suke tare. Tahira gajera ce, maganarta sai ka matso. In an gan su a hanya, ɗaya ce ke magana, ɗayar na gyaɗa kai, kuma a haka suke gama shawara.

Kowa ya san kunyar ɗan fari. Yanzu ta yi sauƙi, har ka ga uwa ta ɗora hoton ɗanta na fari a fuskar waya. Tahira kuwa irin ta dā ta riƙe, ba ragi. 'Yarta ta fari Bilkisu ce, kuma ni dai ban taɓa jin sunan nan ya fito daga bakinta ba. Ko a asibiti, da ma'aikaciya ta tambaye ta sunan yarinya, juyawa ta yi ta kalli Yaya. Yaya ce ta yaye Bilkisu, ita ke mata kitso, ita ta je ta yi wa wani malami tas da ya fasa mata leɓe da bulala. Yaya ce Bilkisu take ce wa Inna. In dole ta kama Tahira ta yi zancenta, sai ta ce "'yar Aina'u". Duk abin da uwa ke son faɗa game da yarinyar nan, daga bakin Yaya yake fitowa. Haka suka raba aikin, ba tare da sun taɓa zama sun raba ba.

Bilkisu ta auri Mati, direban babbar mota, mutumin Matamai ta ƙasar Nijar, wanda ke zuwa lodin hatsi Ɗambatta. Shekara goma ko ɓatan wata ba ta yi ba. Sai a damunar 2023 waya ta zo cewa ciki ya shiga wata takwas, ta ɓoye ne don tsoron baki. Haihuwar fari a gida ake yi, dole a je a ɗauko ta. Yaya ta ɗaure kaya. Uwa ba ta zuwa irin wannan tafiya, amma ranar tafiya sai ga Tahira da 'yar jakarta.

"Ina zuwa?" in ji Yaya.

"Kanwa zan sayo. An ce tasu ta fi kyau. Kuma in aka bar ki ke kaɗai, faɗa za ki yi da masu kan iyaka."

"Kwana uku fa, ba ƙari. Gyaɗata ta yi fure, maimai take jira."

Suka bi ta Kazaure, Daura, suka tsallaka, ranar Talata da la'asar suna Matamai. Washegari sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe kan iyaka.

Da farko Yaya ba ta ɗauki abin da zafi ba. Ta kira ni ta ce, "Rigimarsu ce ta manya, zuwa Juma'a sun gaji." Juma'a ta zo ta wuce. Najeriya ma ta rufe nata ɓangaren, ta yanke wutar da take ba su, rediyo kuma ba shi da zance sai na za a turo sojoji. Mati yana can bakin iyakar Benin cikin layin motoci, ba gaba ba baya. Gidan ba kowa sai Bilkisu da baƙinta biyu, sai wata maƙwabciya, Inna Fadima mai fura, Badamagariya, wadda ta samu abokiyar tsokana har gida.

Kullum da hantsi take leƙowa. "Ina Kanawan? An ce ku ne za ku kawo mana yaƙi. Ke ce kwamandan?"

"Ni ce," in ji Yaya. "Da muciya zan fara, kuma ta kanki."

"Ku da ko wutar lantarki sai da kuka yi mana rowa!"

"Wace wuta? Mu da muka riƙe ta kin ga mun gan ta? Je ki Unguwar Gawo ki ga ko firji ɗaya na aiki."

Sai su tuntsire da dariya, Inna Fadima ta dire kwanon fura ta tafi. Babu wanda ya taɓa yi musu kallon banza a garin nan, wannan dole in faɗa.

Amma dariyar Yaya ta baki ce. Ruwa na sauka kusan kullum, kuma duk saukarsa ita ciyawar gonarta take gani. Ta kira 'ya'yanta, wannan ya ce sai ƙarshen wata, wancan ya ce maigidansa ya hana. Malam Usaini yana fama da tasa gonar. Ni kuma ba na iya sunkuyo, kowa ya san bayana.

Hanya kuwa akwai. 'Yan kabu-kabu, wato masu acaɓarsu, suna bi da mutane ta cikin gonaki su sauke su a ɓangarenmu. Tafiya ce ta ramuka da laka da tsallaka rafi. Malamar asibitin garin ta ce mai ciki wata takwas, cikin da aka yi shekara goma ana jira, ko kusa da babur kada ta je. Yaya ta yanke shawara irin tata, da ƙarfi, a tsakar gida: su biyu su koma, ta yi maimai ta yi huɗa, in an buɗe hanya ta dawo da mota ta ɗauki Bilkisu. In haihuwa ta riga ta, ga Inna Fadima, ga asibiti.

Bilkisu ta ce, "To, Inna." Me za ta ce?

Tahira ta ce gwiwarta na ciwo.

Aka jira kwana biyu. Ta ce ta yi mummunan mafarki da babur. Aka jira kwana ɗaya. Ta ce kanwar da ta saya ba mai kyau ba ce, sai ranar kasuwa ta canza. Kuma duk kwanakin nan, da an idar da sallar asuba sai ta fita wai za ta miƙe ƙafa, ba ta dawowa sai rana ta ɗaga, da ƙaton ƙunshin itace a ka, ta kewaya bayan ɗaki ta sauke.

Ranar da aka cika kwana goma sha biyu Yaya ta fashe.

"Gwiwar da ke ɗauko itace daga bayan gari ita ce ba za ta iya zama a kan babur ba? Ke da na gani da idona kin hau acaɓa da buhun maiwa a cinya har Ɗambatta?"

"Wannan daban."

"Da me ya bambanta? Tahira, ni za ki mayar yarinya? Ke kina da miji, ko kin kwana shekara a nan rumbunki zai cika. Ni wa nake da shi? Shekara talatin ina yi miki baki, ina yi miki ƙafa, yau sau ɗaya na ce ki taso mu tafi, kin zauna kina min ƙaryar gwiwa. Ashe ke kanki kaɗai kika sani."

Yaya da kanta ta maimaita min kalaman nan, kuma ta ce tana faɗa tana jin ɗacinsu. Tahira ta tashi ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share.

Kwana biyu ba su yi magana ba. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, kowa ta juya wa 'yar'uwarta baya. Abin ma da ban dariya, don Yaya ta koma aika saƙo ta bakin Bilkisu: "Gaya wa waccan abinci ya sauka." Ita kuwa Tahira ba ta iya aiken Bilkisu kai tsaye, sai ta kalli bango ta ce, "A gaya wa mai gona na ƙoshi." Inna Fadima ta leƙo ta ga yanayin, ta ce, "To, yaƙin ya fasa zuwa Yamai, ya tsaya a ɗakin Mati."

A rana ta uku Tahira ta ɗaure jakarta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba, "A kira masu babur. Gobe."

Da safe masu babur biyu suka zo, babbansu wani mai furfura a gemu, Sama'ilu. Ya ce a yi sauri kafin hadari ya haɗu. Yaya ta tuna Bilkisu ta shanya mata zaninta a bayan ɗaki, ta kewaya ɗaukowa. Rabonta da bayan ɗakin tun ranar da suka zo, don can Tahira ke zama, ita kuma tana fushi.

Itace ta tarar, tari guda, ya kai mata ƙirji. An faskare shi ƙanana-ƙanana, yadda ko marar ƙarfi za ta iya ɗauka da hannu ɗaya. An rufe shi da tsohon buhu saboda ruwa. Gefe ga duwatsun murhu uku manya an kafa, ga rabin duro an kankare tsatsarsa an kife. Ga kanwa a ƙulle an rataye. Can kuma jikin katanga Tahira ce tsaye da Inna Fadima, ba su ga shigowarta ba. Tahira na magana ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar mai tsoron lokaci zai ƙure:

"Ruwan ya tafasa sosai, amma ki fara gwadawa a hannunki, fatar yarinyar gidan nan ba ta son zafi da yawa, tun tana ƙarama. Ganyen darbejiya, ba na wani abu ba. Kunun kada ki cika kanwa. In ta ce miki ba komai, to akwai komai, haka take, ba ta faɗa."

Yaya ta ce min a nan ta gane. Kwana goma sha biyar tana kallon itacen nan yana shigowa a kan matar, ba abin da ta gani a ciki sai shaidar cewa gwiwa lafiyarta ƙalau. Ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta itacen mene ne ba, a gidan da mutum uku ke girki da 'yar tukunya. Itacen wankan jego ne, na kwana arba'in cif. Matar nan ba ta da bakin da za ta ce "ba zan bar 'yata ta haihu a hannun baƙi ba". Wadda ke faɗin irin wannan magana a madadinta tun shekara talatin, Yaya ce. Kuma a karon da aka fi bukatar ta faɗa, ita tana can tana lissafin ciyawa.

Ba ta ɗauki zanin ba. Ta koma ƙofar gida, Tahira ta biyo ta a baya da jaka. Sama'ilu ya tayar da babur. Yaya ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa tankin, ta taɓa tayar baya, ta yi tsaki.

"Wannan abin zan hau?"

"Hajiya, jiya mutum uku na kai da shi."

"Su suka sani. Ni ba zan hau ba. Kai, na ma fasa tafiyar." Ta ɗaga murya yadda har layi na biyu za a ji. "'Yata na da tsohon ciki, in bar ta in tafi wajen gyaɗa? Ina da hankali kuwa? Ba inda za ni sai ta haihu ta yi arba'in."

Ta juya kan Tahira. "Ke kuma ajiye jakar nan. Ba za ki gudu ki bar ni da ɗawainiya ba. Wa zai kama min duron ruwan zafi? Wannan Badamagariyar? Dole ki zauna ki taya ni, ko kina so ko ba kya so."

Tahira na kallon ƙasa ta ce, "Kin sa na ɗaure kaya a banza."

"Kwance su."

"Ke dai ba a gane gabanki. Jiya tafiya, yau zama." Ta ja numfashi. "To. Tunda kin matsa."

Ta ɗauki jakar ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Sama'ilu ya ce shi dai an ɓata masa safiya, Inna Fadima ta cika masa kwano da fura, ya sha ya huce.

Da yamma Yaya ta kira ni. Na ce, "Gonar fa?" Ta ce, "Allah na nan." Na ce mutane za su tambaya, me zan ce musu? In na ce saboda Bilkisu ne, za a ce ai ga uwarta can, me ya hana Yaya ta dawo ita kaɗai? Daga nan zance zai koma kan Tahira, a ce ta je ta tare a gidan 'yar fari, ta zubar da kunya da girmanta. Yaya ta ce, "Ki ce musu burodin nan ne ya riƙe ni, na kuma hana Tahira tafiya don ta riƙa dafa min shayi." Ni kuma da wautata na faɗa wa mutum biyu a matsayin wasa. Ban san garinmu cike yake da masu jiran abin da za su gaskata ba. Matar da kuka sani shekara talatin, wadda ko ranar sallah sai ta leƙa gonarta, ku yarda ta bar ta saboda fulawa? Haba jama'a!

Bilkisu ta haihu ranar wata Alhamis da hantsi, a asibitin garin, namiji. Yaya ce a ciki tare da ita. Tahira na waje gindin bishiya, wai tana gadin takalma. Da aka fito da jaririn aka miƙa mata, sai bakin da aka rufe shekara talatin ya buɗe, don jika ba shi da kunya a kansa. "Kai, wannan mummuna daga ina? Dubi hanci kamar an taka! Wannan ne angon nawa? A mayar da shi, ban karɓa ba." Tana faɗa tana ƙanƙame shi, har sai da malamar ta ce a bar yaro ya sha iska. An sa masa Kamaruddeen. Mati ta waya ya ji kukansa, sai bayan suna da mako uku ya iso.

Wankan kuwa, Yaya ce ke tsoma ganye tana fyaɗawa, Tahira na miƙo ruwa daga bayan ƙyaure tana gaya wa ƙyauren cewa ya yi zafi da yawa. Itacen ya kai su arba'in har da ragowa.

Sun dawo cikin Oktoba ta ɓarauniyar hanya, a bayan Sama'ilu da abokinsa, gwiwa ba ta ce komai ba. Gona ta zama saura. Malam Usaini ya sa an yi mata noma sau ɗaya, amma a makare. Abin da Yaya ta tona bai cika buhu ba, a inda take samun bakwai. Wannan shekarar ba ta matsi mai ba, aikatau ta yi, ɓarar gyaɗar wasu. Ba zan ɓoye ba, ta ji jiki.

Na gaya wa Tahira zan rubuta wannan. Ta ce ita ba ta san zancen da nake yi ba, kanwa ta je saye. Har yau ba ta ce wa Yaya ta gode ba, Yaya ma ba ta ce a yafe mata maganganun da ta yaɓa ba. Sai dai da damina ta kewayo, Yaya ta buɗe randar da take ajiye iri, wadda ta san ta bar ta wayam, ta tarar da ita cike da gyaɗar shuka, zaɓaɓɓiya, ɓararriya, an gauraya da toka. Ta fito tsakar gida ta ƙwala kira ta saman danga, "Wa ya shigar min ɗaki?"

Daga can Tahira ta ce, "Ki rage ihu, kina firgita min kaji. Ki shirya da wuri gobe, an yi ruwan shuka. Ni zan sara, ke ki bi da iri, don layinki karkacewa yake."